Allurar da Kika Ƙi

Zuwa ga Halimatus Sa'adiyya, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake fakewa tun ranar da aka shafa fatiharmu.

Na rubuto ne don bakina ya gaza. Duk sanda na zauna a gefen gadonki na asibiti na ga kina cije leɓe, sai in kau da kai. Yaya Tani da ke jinyarki ta ce yau ma kin kori nas da allurarta, wai ba za a zuba miki sunan gunki a jini ba.

Kin tuna inda kika samo wannan? A tsakar gidanmu na Ƙofar Guga, kina tsintar shinkafa, ni ina ta cika baki irin na malamin kimiyya. Na ce miki mofin, maganin kashe raɗaɗin nan da ake tatsowa daga wani fure, wani Bajamushe ne ya raɗa masa sunan Mofiyus, gunkin da Girkawan zamanin da suka ɗauka shi ke kawo mafarki, saboda barcin da yake sa mutum. Kika yi dariya har shinkafar ta zube, kika ce ashe gumaka ma raba musu aiki ake yi! Wayyo, ina wannan dariyar yanzu?

Suna ne kawai, Sa'adiyya. Furen Allah ne Ya halicce shi, sauƙin ma daga gare Shi yake, kuma ke 'yar malamai ce, kin fi ni sani. Kin rufe wa nas baki, amma ni na san ki. Barcin kike tsoro. Kin ji abin da likita ya faɗa a kan ciwon dajin nan, ba kya son kwanakin da suka rage su wuce ba ki ganina.

Haba, rabin raina! Wane irin kallo ne wannan da kike saye da azaba? Kina zaton ina jin daɗin idanunki a buɗe alhali hawaye ne fal cikinsu? Wallahi ina ƙishin hirarki, ina kishi da duk barcin da zai ɗauke mini ke, amma na haƙura, na yafe.

Don girman Allah ki karɓi allurar, ki yi barcinki. Na ɗauki hutu a makaranta, ba inda za ni, hannunki na cikin nawa. In kin farka, ni za ki fara gani. In kuma kiran Ubangiji ya riga farkawarki, ki tafi babu zafi. Kallon kuwa, ni zan yi mana shi mu biyu.

Naki ke kaɗai, har Allah Ya haɗa mu inda babu ciwo,
Mijinki, Sammani