Bokiti Biyu Sun Koma Ɗaya

Daren Laraba

Yau famfo ya kawo ruwa bayan kwana tara, kuma shi ya jawo mini wannan damuwa.

Anti Rahila mai haya a gidanmu ta yi tafiya, ta bar mini amanar bokiti biyu na ƙananan kifayen da take bincike a kansu a jami'a. Na shuɗin bokiti daga kogi ta kamo su. Na jan kuwa su kaɗai suka rage daga wani rafi a bayan unguwar Hanwa da aka cike da ƙasa. Ta ce a ido iri ɗaya ne, amma jininsu daban, idan suka haɗu suka hayayyafa, irin na rafin ya ɓace ke nan.

Da ruwan ya zo, Inna ta shiga tattara duk abin da zai ɗauki ruwa. Ina tsaye ta juye jan bokitin cikin shuɗin. Ta ce, "Kifi ai kifi ne. Miƙo mini jarkar can." Na miƙa mata jarkar.

Na daɗe a tsugune ina kallonsu, ban gane ko ɗaya ba.

Gobe Anti za ta dawo. Idan na faɗi gaskiya, na kai ƙarar Inna wurin 'yar haya. Idan na raba su biyu na yi shiru, za ta rubuta ƙarya a littafinta, har ta gode mini.

Jan bokitin yana bakin ƙofa. Har yanzu ban taɓa shi ba.