Takalmina Ya Shiga, Ni Ina Zaure

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Kwamitin Zumunta na unguwarmu,
Cikin birnin Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran dattawan kwamiti, ni ce Malama Hadiza mai koyarwa a firamare, wadda ƙofar gidanmu ke kallon ta Hajiya Ladi. Na rubuta wannan wasiƙa a fili ne saboda a fili aka yi maganar da ta jawo ta. A taron kwamiti na bayan Salla, gaban maza da mata, ka miƙa wa Hajiya Ladi takardar yabo da turmin atamfa, saboda ta mayar da tsohuwar nan da ta ɓata gidan ɗanta a Kwarbai. A cikin jawabinka ka ce kafin Allah ya kawo Hajiya, wata mata ta yi ta yawo da baiwar Allah cikin rana har ta sa ta kuka. Ranka ya daɗe, ni ce wata matar. Ina zaune a layin baya kusa da kular ruwa, kuma na tafa tare da kowa don kada a gane ni.

Zan faɗi abin da ke cina tun yanzu, kada wani ya sha wahalar tono shi: kishi nake yi. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, kuma na ga alama, don tun da na fara nawa Hajiya Ladi sai ƙara haske take yi. Amma mai kishi ma yana da bakin faɗin gaskiya, shi ya sa nake roƙon a saurare ni.

Na farko, yadda aka tsince ta. Ranar wata Laraba na taso daga makaranta bayan azahar, sai na ga tsohuwa zaune a gindin ganuwa ta wajen hanyar Kufena, riƙe da silifa ɗaya da ya tsinke tana jujjuya shi. Mutane na ta wucewa. Wani ya ajiye mata sadaka, ko kallo ba ta yi ba. Zanen jikinta wankakke ne, ga lalle a hannunta, kowa ya duba da kyau ya san wannan uwar wasu ce. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a kamar jiya muka rabu, ta kira ni Asabe, ta tambaye ni ko na ɗora sanwa. Daga baya ne na ji cewa Asabe 'yarta ce da ta rasu tun da daɗewa.

Gidana na kai ta. Na wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi, na dama mata fura, na sa mata silifana shuɗi wanda nake zuwa makaranta da shi. Ta yi salla a zaune, ban ji ta yi tuntuɓe a ko aya ɗaya ba. Da na tambaye ta unguwarsu, sai ta ce gidan da ke kusa da rimi. Ranka ya daɗe, a birnin Zazzau a ce maka gida kusa da rimi, ai an ba ka aiki. Na tambayi sunan maigidanta, ta ja mayafi ta rufe baki tana dariya. Na tambayi wa take zaune wurinsa, ta ce yaron nan. Wane yaro? Yaron nan dai.

A nan zan gyara jawabinka kaɗan. Ba da ƙafa na yi yawo da ita ba, mai Napep na tsayar. Muka riƙa bin unguwa unguwa ko za ta gane ƙofa. Duk inda ta ga tsohon zaure na ƙasa sai ta ce nan ne, in mun tsaya ta leƙa ta ce ba nan ba ne. Ashe har ta ƙofar gidan ɗanta mun wuce a Kwarbai, ba ta ko waiwaya ba, don an daɗe da rushe zauren da ta sani an sa get na ƙarfe.

Na biyu, kukan. Wannan kam ba ka yi mini ƙazafi ba, ni na sa ta. Sai dai ba rana ce ta sa ta kuka ba, abin ya fi haka muni, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Bayan la'asar muka dawo hannu rabbana. Matan maƙwabta suka cika mini tsakar gida, kowa da shawararta, Hajiya Ladi na cikinsu da wayarta a hannu. Na ga rana tana sunkuyawa, tsoro ya kama ni. Na tuna akwai wasu mutane a wani gida cikin garin nan da hankalinsu ya tashi, ga kuma amsar a bakin tsohuwa ta ƙi fitowa. Aikin koyarwa ya ɓata ni da abu guda: idan na tabbata ɗalibi ya san amsa, ba na ƙyale shi sai ya faɗa. Da wannan muryar ta aji na tsaya a kan tsohuwar nan, Inna, matar da ta haifi kamata. Na tambaya, na sake tambaya, tana kau da kai. Daga ƙarshe na ce mata in ba ta faɗi sunan yaron nan ba, wurin 'yan sanda za a kai ta ta kwana.

Ta dubi matan da suka kewaye ta. Sannan ta sauke mayafi har ya rufe fuskarta duka, ta faɗi sunan a hankali. Ba zan rubuta shi a nan ba, ya isa fita sau ɗaya. Da ta ɗago sai ta kama hannuna ta ce, "Asabe, kin sa na faɗa." Daga nan hawaye suka ɓalle mata.

Sai a lokacin kaina ya waye. Ɗan farinta ne. Ranka ya daɗe, ba baƙuwa ba ce ni a garin nan, a cikin ganuwa aka yanke mini cibiya. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yayanmu ba, wancan take cewa, ko a gaban likita. Na san wannan kunya tun ina goye. Amma da yake ni ina kiran nawa ɗan farin da sunansa gatsal, kamar yadda yawancinmu muke yi yanzu, sai na ɗauka mantuwa ce ta hana Inna magana. Matar nan ta manta unguwarsu, ta manta mijinta ya rasu, ta manta ta binne Asabe. Abu ɗaya tsufa ya bar mata cif, kunyar ɗan fari, ni kuma na ƙwace ta a gaban mutane da barazanar 'yan sanda. Tun ranar, duk lokacin da na ɗaga murya a aji sai na ji wannan maganar tata, sai in rasa inda na tsaya a darasi.

Na uku, rawar da Hajiya Ladi ta taka. Ba zan zalunce ta ba. Tana jin sunan ta gane mai shi, Alhajin nan mai sayar da yadi, don a shagonsa take yanka. Ni na shige ɗaki in wanke fuska, don ni ma kukan ya kama ni. Kafin in fito ta ɗauki hoton Inna ta sa a gurup ɗin matan unguwa, ta kira direban maigidanta, sun tafi da ita. Ko sallama ban yi da tsohuwar ba. Na fito na tarar da kwanon fura da tsinkakken silifa a bakin tabarma.

Hajiya ta yi aikin lada, Allah ya ba ta. Ba ta yi ƙarya ba, sai dai ta yi shiru a inda ya kamata ta yi magana. Da iyalan gidan suka ga idon Inna ya kumbura suka tambayi dalili, ta ce ita ma haka ta same ta a hannun wata maƙwabciya. Ba ta ce a gidan maƙwabciyar aka wanke mata ƙafa ba. Ba ta ce sunan da ya kai ta ƙofar Alhaji da wannan kukan aka saye shi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk wanda yake da hoton nan a wayarsa ya buɗe ya dubi ƙasa: silifa shuɗi da ke ƙafar Inna nawa ne, har da ɗigon jan biro a madaurinsa na hagu.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin ciwon. Kada ka ɗauka atamfar ce. Na dai lura da ita, mai ganye ce ruwan goro, kuma ta yi wa Hajiya kyau ranar da ta ɗinka ta zo mini barka da Juma'a, abin da ba ta saba ba. Takardar yabon ma na ji an sa mata gilashi an rataye a falo. Duk wannan zan iya haɗiyewa da ruwa.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne yanzu Hajiya Ladi ce Asabe. Ita da bakinta ta ba ni labari, tana dariya, wai duk ranar da ta je Inna sai ta kama hannunta ta tambaye ta ko ta ɗora sanwa, ta sa a kawo mata tabarma kusa da gadonta. Wai tana kwance kan cinyar Hajiya ake yi mata tsifa. Ranka ya daɗe, ni aka fara kira da wannan suna. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya tambaye ni ko na ɗora sanwa da irin wannan murya, sai ranar a gindin ganuwa. Yini ɗaya na samu uwa, na ɓata da bakina, maƙwabciyata ta gaje ta a mota. Na san Inna ba zaɓa ta yi ba, duk wadda ta durƙusa gabanta da fuskar rahama Asabe ce. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

A wannan hirar ce kuma Hajiya ta ƙarasa ni ba tare da ta sani ba. Ta ce Inna yini take tana jero sunayen jikokinta tana tsokanarsu, wannan mijinta ne, waccan kishiyarta ce mai ƙwacen miji. Ba ta mance ko ɗaya ba. Da jikoki na tambaye ta, da ta zazzage mini su tana dariya, kuma ɗaya daga cikinsu ni na koyar da ita, yanzu tana aikin jinya a Wusasa. Ƙofa a buɗe take, ni na je na fasa bango.

Na je gidan, ranka ya daɗe. Na kai tsinkakken silifan wurin mai gyara aka ɗinke, na sa a leda da 'yar fura, na yi sallama. Matar Alhaji ta fito zaure, ta tambayi ko wace ce, na faɗa. Fuskarta ta canja. Cikin ladabi ta ce Inna na barci, kuma ba a cika son a dame ta da baƙi ba tun abin da ya faru. Ban ga laifinta ba, abin da aka gaya mata ke nan, kuma bayan jawabinka ya zama abin da gari ya sani. Amma daga inda nake tsaye ina hango ƙofar ɗakin Inna. Takalmin Hajiya Ladi na nan a bakin ƙofa, mai duwatsun nan da na sani, ga silifana shuɗi a gefensa. Ina jiyo dariyar tsohuwar daga ciki. Takalmina ya shiga gidan ya zauna, ni na juyo da ledata.

Yanzu an ce jikin Inna ya yi nauyi, ba ta fitowa ko tsakar gida. Shi ya sa na kasa ci gaba da yin shiru.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

Ɗaya, kada a karɓe komai daga hannun Hajiya Ladi. Ta riƙe atamfarta da takardarta, har da sabon muƙamin kula da tsofaffi da kuka ba ta. In na ce raina ya so, na yi ƙarya, amma ta iya, kuma tana da mota.

Biyu, a taro na gaba a gyara labarin. Ba yabo nake nema ba. A faɗi sunana, a faɗi furar, a faɗi barazanar, duka tare. Na gaji da zama wata mata, ina tsaye a layin awo ana ba ni labarin rashin imanin wata mata ina gyaɗa kai.

Uku, a gaya wa mutanen unguwa, musamman masu kai irin nawa: in kun tsinci tsohuwa ta rikice, kada ku tambaye ta sunan miji ko na ɗan fari. Ku tambaye ta jikokinta.

Huɗu, wanda saboda shi na ɗauki biro. Kai ne wanda Alhaji yake jin nauyinsa, kuma maganarka ce ta ƙara rufe mini ƙofar nan, ita ce kuma za ta iya buɗe ta. Ka roƙa mini shi ya bar ni in shiga wurin mahaifiyarsa tun tana da rai, ko da Hajiya Ladi ce za ta yi mini jagora, zan bi bayanta. An ce mini Inna ba za ta tuna ni ba, balle abin da na yi mata, wai me zan nemi gafara a kai. Ita ta manta, ni ban manta ba, kuma Wanda zai tambaye ni bai manta ba. Zan durƙusa in sa mata silifanta a ƙafa, in ce ta yafe mini. In ta kira ni Asabe zan amsa. In kuwa Hajiya ce Asabenta a ranar, ni ta bar ni, zan daure. Ka tabbatar wa Alhaji abu ɗaya: wallahi ba zan tambaye ta komai ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci tsakanin maƙwabta. Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa ta cika da kyau da imani. Allah ya ba mu masu rufa mana asiri ranar da namu tsufan ya zo. Hajiya Ladi kuma Allah ya ƙara mata, ni ya cire mini abin da ke raina.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Malama Hadiza,
maƙwabciyar Hajiya Ladi.