Na Naɗa Ta Alfa Saboda Yayanta

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, domin zuciyata ta riga ku.

Ni malamar aji huɗu ce a makarantar 'yan mata, a wani ƙauyenmu na bakin Nilu kusa da Sinnar. Kowace yarinya na ba ta aiki don ta koyi riƙon amana: mai cika tulu, mai alli, mai shara. Babbarsu ita ce alfa, mai tsare aji in na fita, ta rubuta sunayen masu surutu a yi musu bulala. Hawwa ce alfarmu, ba ta taɓa rubuta wadda ba ta yi laifi ba.

Sai ran nan yayan wata ɗalibata, Batula, ya dawo daga Damazin ya kawo ta a keke, cikin farar jallabiya, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Ustaza." Kalma huɗu kawai, amma na ji kamar ni ce tauraruwar littattafan soyayya da nake saye a kasuwa. Na cire Hawwa ba laifin komai na naɗa Batula, saboda alfa ce ke tafiya gida da littafin sunaye, ni kuwa a cikinsa nake saka masa wasiƙa. Wace irin malama ce ke yin haka?

Batula ta gane. Ta fara rubuta duk wadda ta hana ta abincin karyawa, daga baya sunan Hawwa kullum. Wata rana ta taga nake kallonsu, Hawwa ko motsi ba ta yi ba, na shigo na tarar da sunanta.

"Ustaza, wallahi ban yi magana ba."

Na dubi Batula. Ta yi murmushi, ta ɗora tafinta a kan littafin. Bulala biyar na yi wa Hawwa da hannuna.

Yau kwana tara ba ta zo ba. Mahaifiyarta ta tare ni a bakin tur'a, wato magudanar ruwan gonaki, ta ce, "Babanta ya ce tunda karatu ya maishe ta marar ji, ran Asabar ta bi mu tsinkar auduga." A nan wadda ta shiga gona ba ta komowa aji.

Jiya na ce wa Batula, "Gobe za ki ajiye littafin, Hawwa zan mayar wa."

"Tamam, ya Ustaza," in ji ta. "Amma wasiƙu biyu ban ba Yaya ba. Har da wadda kinka ce shi na hasken idonki. In kai ma Mudir shugaban makaranta, ko in karanta ma Inna?"

Shekararta goma. Wa ya koya mata wannan in ba ni ba? Yanzu in na shiga aji, ita yaran ke kallo kafin su miƙe.

In na je wa mahaifin Hawwa da gaskiya, wasiƙuna za su zaga ƙauye, aikina da mutuncin gidanmu su tafi. In na yi shiru, jibi Asabar ce.

Me zan yi?