Washar da ke cikin gwangwanin maɓallai

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma motar ta tashi ƴata Lele. Abban Lele ya murza makulli, motar nan ta tsala tsuwarta, ƙiiii, Lele ta zabura daga barcin da na sha wuya kafin ta yi. Na fita da ita a kafaɗa, na ce masa, "Ko tsuwar nan ta mutu kafin Asabar, ko ka kira Dogo ya ɗauki motar." Dogo abokinsa ne, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

Ya ce to. Wallahi ban zaci zai ce to ba.

Talata, 4 ga Maris

Tun kafin aurenmu yake gina motar nan. Turbo, ƙaton salansa na hayaƙi, sai watan jiya ya ƙara mata ƙatuwar altaneta mai cajin batir. Daga ranar tsuwar ta fara, amma wa ya tambaye ni? Yau ya sa sabon fanbel, robar nan mai juya altaneta, ya ɗaure tamau. Tsuwar tana nan daram.

Wai me ke sa roba kuka haka?

Laraba, 5 ga Maris

Garin gaggawa ya ƙone hannun dama da ruwan lagireto. An naɗe masa da bandeji. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duk a lokaci ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris

"Maman Lele, ara mini hannunki mana." Haka ya ce, murya ƙasa-ƙasa. Na goya yarinya, na je, ina cika ina batsewa.

Ya sa na ɗaure mayafina a baya, kada fanka ta ja. Ya tada inji, ya ce in fesa wa fanbel ruwa daga nesa. Ina fesawa tsuwar ta ɗauke ɗif! Jim kaɗan ta dawo. Na sake, ta sake ɗaukewa. Ikon Allah. Sai da ya ce, "Madam, ya isa, ba wanka za ki yi mata ba."

Wai in ruwa ya ƙara kukan, ɗauri ne bai yi ba. In ya kashe shi, to a karkace fanbel ɗin yake tafiya. Bayan ya kashe inji na leƙa da kyau, na ga baƙin gari ya taru a gefe ɗaya na fulin altaneta, wato ƙafar da fanbel ke hawa. Gefen robar ya cinye kamar dunduniyar takalminsa. Muka ɗora rular ƙarfe a kan fuli biyu. Ga rata nan, ɗan yatsana ya kusa shiga.

Ya dafe kai. Akwai wata washa, wato zoben ƙarfe mai kauri, da maƙeri ya yanka masa musamman, ita ke zama bayan altaneta ta turo ta daidai. Ya zazzage akwatin kayan aiki kaf, babu. Maƙerin kuma ya yi tafiya, sai wani makon.

Na gyara goyon Lele, na koma ciki.

Juma'a, 7 ga Maris

Washar tana wurina. Duk abin da na tsinta a aljihunsa ranar wanki, cikin gwangwanin maɓallai nake jefawa. Ga ta nan tsakanin wani noti da allura, mai kauri, mai nauyi, da sauran baƙin mai a jikinta.

In na yi shiru, gobe Dogo ya tafi da motar, ni da Lele mu sami barci. Ba ƙarya zan yi ba, shiru ne kawai.

Da la'asar na hango shi ta taga yana wanke motar da hannu ɗaya, wai kada Dogo ya same ta da datti. Har cikin tayoyi. Bai roƙe ni in janye maganata ba, kuma abin nan ya fi ci mini rai.

Sai juya washar nake a tafin hannu. Anya wannan ƴar abar za ta iya rufe bakin mota guda?

Asabar, 8 ga Maris

Na kasa haƙuri. So nake kawai in gani.

Na ajiye masa washar kusa da kofin shayi. Ya kalle ta, ya kalle ni. "Tun yaushe?" Na ce, "Sha shayinka, Yallaɓai, ka zo ka nuna mini sifanar da zan ɗauka."

Ni na kwance, ni na zura washar, ni na ɗaure. Na goge fatar yatsa biyu. Ya hana ni ƙure ɗaurin fanbel, wai boris ɗin da fuli ke juyawa a kai zai ci. Rula ta kwanta lif, babu rata. Ya miƙo mini makulli ya ce in tayar da motar da kaina.

Gurnani kawai, mai kauri, har cikin ƙirji. Lele na bayana, ko motsi ba ta yi ba.

Dogo ya zo, ya zagaya motar, ya sha ruwa, ya tafi da ƙafarsa.

Litinin, 10 ga Maris

Baƙin mai bai fita daga farcena ba. Ban dai dirje sosai ba.

Da zai fita aiki na ji wani ɗan ƙas-ƙas ta gefen hagu na injin. Shi bai ji ba. Na bi shi har bakin ƙofa na ce kada ya kuskura ya buɗe bonet sai na gama girki.