Garwashin da Na Hura Miki

Zuwa ga marigayiya Fanna, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahama, ina sanar da ke cewa mijinki ya faɗi da keke jiya a tsakiyar Zango. Na ɗauki keken biro, wato ofishinmu, ba da izini ba, wai zan taka har Takieta, sai babbar riga ta shige sarƙa. Mahauta ne suka ɗaga ni, bayan sun gama dariya. Shekara ashirin ina falanto, ɗan aike a ƙofar kumandan, an sauke tutar Turawa an ɗaga tamu, ni har yau ban koyi tattare riga ba.

Ga dalilin gaggawar. 'Yarmu ta fari, wadda aka aurar can, cikinta wata bakwai. An aiko cewa tari ya kama ta, numfashi yana yi mata wuya, kuma uwar mijinta ta fara yi mata hayaƙi.

Kin san abin da wannan ya tuna mini. Ranar da naki numfashin ya soma sarƙewa, da cikinki na ƙarshe, ce miki na yi tuwon mutum biyu ne ya danne ki. Kika yi dariya, dariyar ta koma tari. Gwaggona ta ce a lulluɓe ki da bargo a turara. Ni mai aji uku a lakwal, makarantar boko, mai gyara wa mutane Faransanci, ni na durƙusa na hura garwashin. Kwana uku muna yi.

Da muka kai ki likita, leɓunanki sun riga sun yi baƙi. Lokotoro, babban likitan, ya sa miki iskar kwalba a hanci, ya ajiye mutum kanki ba ya motsawa. Ya tambaye ni tun yaushe. Na ce tun jiya. Ya dubi zanenki mai warin hayaƙi. Washegari kuka tafi, ke da abin da ke cikinki.

Na gaji, Fanna. Shekara takwas ke nan ina ba mutane dariya, in koma gida in kasa cin tuwo. Yarinyar kuwa ce mata na yi kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma ba duka ba.

'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, balle in shiga gidan surukai da maganar cikinta. Za su ce tsoho ya zubar da kunya. Su ce. Gobe zan hau kamyo, babbar motar kaya, in ɗauko ta zuwa likita, ko mijinta ya so ko bai so ba. In ta ƙi tashi don kunyar mutanen gidan, zan gaya mata wanda ya hura wutar nan. In ma ta tashi, sai na gaya mata, don tana bina wannan maganar tun tana 'yar shekara tara. Ban sani ba ko za ta ƙara duban fuskata.

Allah ya yalwata miki makwanci, ya buɗe mata ƙirji, ni kuma ya buɗe mini baki.

Mijinki,
Bukar, Damagaram