Muryar da ke Karanta wa Kawu

Uwata,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Innarki ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Tsohuwar kwamfutata ta mutu, ta tafi da muryar da ke karanta mini komai tun da idanuna suka rufe. Sabuwar da kika aiko tsarinta daban ne, muryar ta ƙi zama a ciki. Nata muryoyin kuwa tauna Hausa suke kamar da tsakuwa a baki. Kamfanin da ya yi tawa ya rufe tuntuni. Yanzu ko takardar likita sai an karanta mini, kowa na ji. Abin yana ci mini rai.

Kawunki.

(Ya hana ni rubuta cewa ba ya cin abinci. Inna.)

Kawu,

Ina gaishe ku da girmamawa. Na ciro fayil ɗin muryar daga faifan ajiyar tsohuwar kwamfutarku. A kulle yake, ba a ganin cikinsa, amma wallahi waɗanda suka yi shi gwanaye ne: abu goma sha bakwai kacal yake nema wurin tsohon tsari. Sai na bi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, na rubuta masa wata 'yar manhaja, ɗan tafinta. In ya nemi abu, tafinta ya karɓo daga sabon tsari ya miƙa masa. Har yanzu bai san ya yi ƙaura ba. Ga shi na turo, Inna ta danna sau biyu. Ku ci abinci don Allah.

'Yarku.

'Yar nan,

Sannu da ƙoƙari. Abin da kika turo ya yi magana, amma da muryar ɓera, a guje! Kawunki ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko a haka ke gwana ce. Sai dai ba ma gane komai. Ki gaida mutanen gida.

Inna.

Inna,

Ina wuni. Laifina ne, na gaya wa sabon tsari saurin sautin da ba shi ba. Na gyara. A gaida Kawu.

'Yarku.

Uwata,

Ni ne da hannuna. Muryata ta dawo, sak. Kin buɗe mini ƙofa ba tare da kin fasa kwaɗon mutane ba, ban san da bakin da zan gode miki ba.

Sabuwar takardar likita ta iso. Na shiga ɗaki, na saurare ta sau uku, ni kaɗai. Labarin ba daɗi. Amma ni na fara jin sa, ni kuma zan zaɓi yadda zan gaya wa Innarki.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.