Jitar da Ka Bari a Ƙofa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Ƙofa lafiya lau, an fara yankan dawa.

Jitar da ka bari ta daina zaman banza. Wani ɗan bautar ƙasa a makarantarmu ya fahimtar da ni cewa yatsun da kake jerawa a wuyanta sauti uku suke haɗawa, do, mi, so, ana tsallake ɗaya a tsakani. Da na gane haka, na bi tsirkiya gaɓa-gaɓa har na gano kiɗan da kake yi a zaure.

Ranar Juma'a ina kaɗawa sai ga Inna ta leƙo, hannunta duk gari, tana cewa, "Sani ne ya dawo?" Da ta ga ni ne, sai ta ce, "Ci gaba, kar ka tsaya."

Yaya, ka zo ko da Sallah ce. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa.

Ƙaninka,
Habibu